Na Tafi Guangzhou da Wayar Yayana

Ni ne na yi laifi, gara in faɗa tun kafin ku fara yi min sannu da zuwa. Da yawanku kun ga hotunan da na riƙa sakawa daga Guangzhou, kuna ta yi min fatan alheri, na kuma gode. Amma akwai abin da ban saka ba. Na yaudari wani dattijo ɗan China wanda bai taɓa yi wa gidanmu komai ba sai alheri. Na bar shi yana hira da yayana watanni bayan mun kai yayan nawa makwancinsa. Ga yadda tafiyar ta kasance.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani Alhaji mutumin Maradi da ya kwana a gidanmu don mu kama jirgi tare. Abokin Yaya ne, sun daɗe suna zuwa sari tare. Ni kuwa ban taɓa wuce Legas ba. Aikina tsaron shagonmu na wandunan jins, Yaya ne mai tafiya. Da ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, tafiyar ta faɗo kaina. Inna ta rako mu bakin ƙofa da carbinta, ta ce in riƙa cin abinci, kada in yi wasa da salla. A aljihuna na dama akwai wayata, a na hagu akwai wayar Yaya.

Sai na yi muku bayanin wayar nan. A China akwai wata manhaja mai koren tambari wadda rayuwarsu gaba ɗaya take ciki. Da ita ake hira, da ita ake biyan kuɗi, da ita ake kiran mota, a nuna wa mutum inda ake, a saka hotuna abokai su gani. Duk harkar Yaya a cikinta take. Karatunmu ni da shi bai yi nisa ba, shi kuma ya tsani rubutu, don haka sai ya danne maɓalli ya yi ta magana, Turanci guntu-guntu, Sinanci kaɗan, in ransa ya ɓaci ya ƙarasa da Hausa. Waɗannan muryoyin suna nan. Na gwada tura su wayata, manhajar ba ta yarda a tura muryar wani ba. Mai gyaran waya ya ce in har wayar ta mutu ko na goge manhajar, kada in sa rai. Shi ya sa nake lallaɓa ta kamar majinyaci, ban taɓa barin cajinta ya ƙare ba.

Wanda Yaya ya fi hira da shi wani ne da ya rubuta wa suna Baban Wando, mai wurin ɗinkin jins a garin Xintang. Shi kuma yana kiran Yaya da Dogo, sunan da ake kiransa a unguwa, Yaya ne ya koya masa. Muna cikin zaman makoki saƙonsa ya shigo, hoton ƙaramin kofin shayi, da muryar tsoho tana cewa, "Dogo, ni hao?" Wato yana gaishe shi. A ranar ya kamata in faɗa masa. Sai na tura masa hoton babban yatsa.

Daga nan abin ya zarce. In ya yi rubutu sai in danna, manhajar ta juya min shi Turanci, in amsa da ɗan abin da na iya. Ya tambayi me ya sa na daina magana, na ce ciwon maƙogwaro ne. In ya kira da bidiyo sai in zuba wa wayar ido har ta katse. Ba zan wanke kaina ba, na ji tsoron in ya san Yaya ba ya nan zai daina ba mu farashin da yake ba shi. Amma akwai wani dalilin da ya fi wannan kama ni. Duk Kano ana cewa marigayi. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya mai tambayar Yaya ko ya ci abinci, kuma duk sanda ya tambaya sai in ji kamar Yaya tafiya ya yi, zai dawo. Da lokacin tafiyata ya matso, na rubuta masa cewa jiki bai warware ba, ƙanena zai zo a madadina.

Mun yada zango a Addis Ababa, muka daɗe a zaune. Filin jirgin cike yake da 'yan kasuwa irinmu, kowa da jakar da babu komai a ciki da fatan ta dawo a cike. Alhaji ya sayo mana kofi mai ɗaci, ya ce in sha in saba, gaba shayi ba sukari ne. Jirgi na biyu ya yi tsawon da har na daina duba agogo. Da muka sauka Guangzhou aka buɗe ƙofa, iskar garin ta tare ni kamar an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen bargo. Zafin Kano ƙona ka yake, nasu kuwa dafa ka yake.

Abu na farko da Alhaji ya yi shi ne buɗe min tawa manhajar, domin asusun kuɗin da ke wayar Yaya yana da lambar sirri, kuma Yaya ya tafi da ita. Ashe sabon shiga ba ya shiga haka kawai, sai wani tsohon mai amfani da ita ya ɗora wayarsa a kan wani zane mai murabba'i ya shaida ya san ka. Alhaji ya ɗora tasa yana dariya. "Ka gani ko, ƙanina? Nan ko waya sai da mai tsaya maka. Kada ka ba ni kunya."

A Dengfeng muka sauka, unguwar da mutanenmu suka fi zama. Ɗakin in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, amma akwai na'urar sanyi, ita ce ta hana ni gudu. A titi kuwa sai ka rantse wata kasuwar gida ce aka ɗauko aka dasa tsakanin dogayen benaye. Ga Hausar Kano, ga ta Yamai mai haɗe da Faransanci, ga ta mutanen Kumasi. Shagunan waya a jere, masu canji a zaune kamar ba abin da suke yi. Akwai wata Hajiya 'yar Ghana mai sayar da abinci a hawa na sama, sai wanda ya sani yake zuwa. Na ci tuwon shinkafarta da miyar kuka. Kukar ta sha tafiya, ta gaji, amma na suɗe kwanon.

Kuɗin takarda ya kusa zama abin kallo a garin nan. Na tsaya wurin wata tsohuwa mai lemo na miƙa mata takarda, ta dube ta kamar na ba ta ganyen bishiya, ta ce "meiyou", wato babu, canji take nufi. Ta nuna min wani kati mai irin zanen nan mai murabba'i da ta rataya a wuyan kekenta. Na ɗora waya, ta yi ƙara, lemo ya zama nawa. A shagon taliya na Musulmin China masu fararen huluna, zanen a manne yake a kan tebur. Ka ɗora waya, hotunan abinci su fito, ka zaɓa, ka biya, ba ka yi magana da kowa ba. Kwano ɗaya mai nama bai kai yuwan ashirin na kuɗinsu ba, kuma ya ishi mutum har yamma. Na yi kokawa da tsinkayen cin abincinsu har mai shagon ya tausaya ya kawo min cokali mai yatsu. Alhaji ya ce Dogo ma haka ya fara, sai dai shi da hannu ya ƙarasa.

Ko'ina na bi sai an ambaci Yaya. Mai canji ya kalle ni ya ce, "Ƙanin Dogo ne wannan, ga goshin nan." Ya tashi ya yi min gaisuwa. Duk Dengfeng an san ya rasu. Baban Wando ne kaɗai labarin bai kai wa ba, saboda Xintang da nisa, kuma kun san halinmu, ɗan kasuwa ba ya nuna wa kowa inda yake sari. Ko Alhaji bai taɓa ganin dattijon ba. Da yamma in Alhaji ya kwanta hutawa, sai in sa abin ji a kunne in bi titi ina sauraren Yaya. Akwai saƙon da yake gaya wa dattijon ruwa ya tare shi a ƙarƙashin gadar masu ƙafa, ana jin ruwan yana dukan ƙarfe, yana dariya yana tsinewa takalminsa. Na nemo gadar na tsaya a ƙarƙashinta. Ranar ko hadari babu. Na maimaita saƙon har mai gadi ya fara kallona.

Na raka Alhaji kasuwar Shisanhang inda yake sarin kayan mata. Wurin nan sai da sassafe, kafin azahar an fara tattarawa. Masu tura kaya ba sa neman hanya, ƙarar tayar kawai za ka ji, in ba ka kauce ba ƙafarka ta biya. 'Yan matan shaguna suna tsaye a kan kujera suna canza riga a kan riga don masu saye su gani. Alhaji ya ce wa kowa "laoban", wato maigida, har yarinyar da ba ta kai 'yarsa ba. Ba a karɓar lambar waya a nan. In kaya sun yi maka, ka ɗora wayarka a kan ta mai shago, kun zama abokai, kafin ka kai ƙofa ta cika maka waya da hotuna.

Xintang ni kaɗai na je. A cikin tsohuwar hirarsu akwai alamar taswira da dattijon ya taɓa turo wa Yaya, ita na nuna wa direba. Mun bi manyan tituna masu hawa kan hawa, benaye suka yi ta raguwa, sai ga gari mai warin rini. Wanduna a tare a bakin hanya kamar dalar gyaɗa. Mata a ƙofar gida da ƙananan almakashi suna yanke zare, kekuna masu ƙafa uku suna wucewa da kaya ya fi direban tsawo. Ina jin keken ɗinki ta kowace taga.

Yana tsaye a ƙofa yana jirana. Gajere ne, siriri, ƙarƙashin faratansa shuɗi kamar na marinan Ƙofar Mata. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe yana kallon fuskata. Ya ja ni wani lungu inda teburin shayinsa yake, na gane teburin nan take, shi ne a hoton ƙarshe da Yaya ya saka, ya rusuna don su shiga hoto tare da dattijon. Hirarmu ta waya ce. Ya yi magana a tasa, ta rubuta, ta juya, ya miƙo min in karanta. Ya zuba min shayi a kofin da bai fi murfin kwalba ba. Sannan ya nuna min wani babban kofin tangaran a kife a kan kanta. Ya ce na Dogo ne. Wai Yaya ya ce ƙananan nan na yara ne, shi ya sa ya saya masa wannan, ba mai shan komai a ciki sai shi.

Ya ɗauko wata leda cike da busassun 'ya'yan itace masu ruwan ƙasa, kamar ƙananan goruba marasa nauyi. Ya ce a fasa ɗaya a jiƙa a ruwan zafi, yana gyara maƙogwaro, in kai wa Dogo. Na karɓa na ce "xiexie", na gode. Ya ɗora wayarsa a kan tawa muka zama abokai. Lokacin cin abinci ya yi, kekunan ɗinki suka tsaya, wurin ya yi tsit. Sai ya yi murmushi ya rubuta, "Mu kira Dogo ya ga ka iso."

Kafin in buɗe baki ya danna. Aljihuna na hagu ya fara ƙara.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka muna saurarenta ba. Na ciro wayar, ga sunan Baban Wando a fuskarta. Allah ya kawo ni har bakin gaskiya, ba abin da ya rage sai in faɗa. Sai na rubuta masa cewa Yaya ya ba ni aron wayar ne saboda lambobin mutane. Ya karanta, ya dubi wayar, ya dubi kofin da ke kife. Ya katse kiran, ya ƙara min shayi. Mun zaɓi kaya, ya ba ni farashin Yaya ba tare da na roƙa ba. Da ya raka ni mota ya dafa kafaɗata ya faɗi wata magana da Sinanci, bai juya min ita ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, muna tsaye wurin masu gasa naman rago a bakin masallaci, na kasa riƙewa na gaya wa Alhaji komai. Ya sauke tsinken daga bakinsa.

"Mi ka ce? Gawa ka tura kasuwa tana yi maka ciniki?"

"Alhaji, wallahi ba don kuɗi kaɗai ba ne."

"Na sani. Kewarshi kake, ni ma ina yi. Amma ni da na ji, na rufe shago na taho Kano na yi kukana, na samu sauƙi. Wannan tsoho ka bar shi shina saye wa kabari maganin tari." Ya miƙo min ragowar namansa. "Ci. Gobe ka koma can."

Na ce to. Ban koma ba. Na fake da wurin masu lodin kaya, yau awo, gobe ɗauri, jibi rubuta suna a jikin buhu. Ko da na samu sarari sai in ce ƙafata tana ciwo. Alhaji bai sake tayar da maganar ba, amma ya daina tsokanata, wannan ya fi faɗa ciwo.

Muna zaune a filin jirgi ranar dawowa, saƙo ya shigo. Na kai hannu aljihun hagu bisa sabo, ashe na dama ne. A tawa wayar ya turo. Na danna ta juya min: "Dogo bai taɓa yi min rubutu ba. Shi mai surutu ne. Na daɗe ina jira wani ya gaya min." Na karanta na kife wayar a cinya. Daga Guangzhou har Addis Ababa, daga can har Kano, ban amsa ba, ban kuma runtsa ba.

Mun sauka lafiya. Alhaji ya wuce Maradi, ni na shiga gida. Inna tana kwance min jaka ta ci karo da ledar nan, ta tambaye ni mene ne. Na zauna a gabanta na faɗa mata. Ta daɗe tana juya ɗaya a tafin hannunta, sannan ta ce, "Mu an zo mana gaisuwa har mun gaji da amsawa. Shi wa ya yi masa?"

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Na ga manhajar da take ciyar da mutum, ta kai shi inda bai sani ba, ta sa Bahaushe da Basine su yi hira ba tafinta. Ta adana min muryar Yaya, ba zan daina gode mata ba. Amma duk abin da na saka mata shi ta kai, gaskiya ko ƙarya, ba ta tambaye ni ba. Na kuma gane ba ni kaɗai na yi rashi ba. Na riƙe Yaya kamar nawa ne ni ɗaya, alhali akwai wanda yake goge masa kofi a wata ƙasa.

Washegari da hantsi, kafin in fita kasuwa, na shiga ɗakin Yaya na zauna a bakin gadonsa. A can China yamma ta yi, na san dattijon yana wurin teburinsa. Na ɗauki wayar hagu, na danne maɓallin nan da Yaya yake dannewa. Da Hausa na yi, don ita ce kaɗai za ta fito, daga baya na rubuta masa a ƙasa da ɗan Turancina don manhajar ta juya masa. Na ce:

"Baba, ba Dogo ba ne, ƙaninsa ne da ka ba shayi. Dogo ya rasu. Tun ranar da ka turo hoton kofi yana cikin ƙasa. Bai daɗe yana jinya ba, kuma jama'a da yawa sun raka shi. Duk amsar da ka samu tun lokacin ni ne na rubuta. Ba shi da ciwon maƙogwaro, ni na ƙirƙira. Na ji tsoron farashi, na kuma ji daɗin yadda kake tambayarsa kamar yana nan, sai na hana ka abin da kowa ya samu. Na zauna a teburinka na sake yi maka ƙarya ido da ido. Maganin yana hannun mahaifiyarmu, ta ce in yi maka gaisuwar abokinka. Sannu da rashi, Baba. Kofin nan babba ka bar shi inda yake. In ka yarda in sake zuwa, ka zuba min a ƙaramin. Ka yafe min."